Yadda Manhajata Ta Auna Surukina A Gaban Majalisarsa

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asariyar Laraba ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, akwai dattawa a Tudun Wada da suka ɗauki nauyin tuna min har in koma ga Allah. Lokacin ina digiri na biyu a fannin kwamfuta, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro lissafi. Abu biyu na sa a gaba: in gama kundina, in kuma auri Asma'u. Na farkon yana hannun Dakta, malamar da ke duba aikina. Na biyun kuwa yana hannun Malam, mahaifin Asma'u (ba za ku ji sunansa a bakina ba, ai suruki ne, kuma abin da na riga na yi masa ya isa).

Bari in ɗan yi bayanin aikin nawa, don in ba haka ba, ba za ku gane girman wautar ba. Manhaja nake rubutawa mai auna yiwuwar faruwar abu. Ba duba take yi ba, kamar yadda Innata ta ɗauka har ta riƙa yi min a'uziyya. Kai ne za ka fara ba ta zatonka, ka ce a ganina abu kaza zai faru kashi kaza cikin ɗari. Daga nan sai ka riƙa kawo mata alamu, ita kuma tana gyara zaton gwargwadon abin da ka kawo. Nawa binciken a kan masara ne: ruwa ya yi jinkiri, taki ya yi ƙaranci, tsutsa ta ɓulla a gonar maƙwabci, to mene ne yiwuwar manomi ya tashi a tutar babu? Idan alamun suka yi yawa, kowace tana taɓa 'yar'uwarta, kwamfuta ɗaya ba ta iya ɗauka. Sai a yanyanka lissafin a raba wa kwamfutoci da ke nesa da juna, kowace ta yi nata ta aika wa sauran ta intanet, kamar dai aikin gayya. Abin da ni na ƙara, wanda nake tinƙaho da shi a ko'ina, shi ne idan intanet ta yanke, kwamfutar ba za ta zauna jiran umarnin kowa ba. Za ta ci gaba da aikinta ita kaɗai har ta kai ƙarshe.

Masu irin wannan bincike a wasu ƙasashen suna da ɗaki guda cike da injina. Ni 'yan'uwa gare ni. Na ɗora manhajar a kwamfutar wani abokina mai shagon buga takardu a unguwar Kongo, da laftof ɗin yayata a Dutsen Abba (wanda sai na yi lallashi kafin 'ya'yanta su sake shi), da wata tsohuwar kwamfutar Kawuna a Tudun Jukun wadda in aka kunna ta take gurnani kamar injin markaɗe. Duk matsalarsu ɗaya, wuta. Ina bukatar guda ɗaya mai ƙarfi wadda ba a ɗauke mata wuta, kuma duk faɗin sanina irin wannan a wuri ɗaya take, zauren Malam a Tudun Wada.

Gidansu Asma'u gidan malamai ne tun kaka da kakanni. Malam ya daɗe yana koyar da Larabci kafin ya yi ritaya, kuma da idonsa ya fara rauni sai babban ɗansa ya sa masa sola, ya sayo masa kwamfuta mai faffaɗan allo don ya riƙa karanta littattafansa da manyan baƙaƙe. A zauren take, inda majalisarsa ke zama kullum bayan la'asar. Ni kuwa matsayina a gidan a lokacin, ba a kore ni ba, ba a kuma ce in turo manya ba. Ina zuwa in gaishe shi, ya amsa da fara'a, shi ke nan. In na tambayi Asma'u sai ta ce, "Baba bai ce komai ba tukuna." Ga kuma wani saurayi fari sol mai wata mota mai sheƙi, da nake yawan gani a ƙofar gidan. Yana shiga har cikin gida kansa tsaye, alhali ni iyakata zaure. Ban taɓa tambayar Asma'u ko wane ne ba, wai ni namiji, kada a ce ina kishi. Na dai riƙa cin tuwo da shi a raina.

Asma'u ce ta nema min izinin kwamfutar. Malam ya ce, "In don ilimi ne, ya zo." Na je na ɗora manhajar a durƙushe, gumi na keto min, shi kuma yana ta tambaya kamar ranar jarrabawa. Na yi masa bayani dalla-dalla, har da cewa ita ba ta ƙirƙirar komai, abin da aka ba ta take aunawa. Ya gyaɗa kai ya ce ya fahimta. Ya kuwa fahimta, har fiye da yadda na so.

Bayan 'yan kwanaki Asma'u ta kira ni tana dariya. "Baba ya ce in tambaye ka, abin naka yana aiki kuwa, ko wutar sola kawai yake sha? Ya ce allon baƙi ƙirin yake gani, kuma shi bai taɓa ganin ɗalibin da ke karatu baki a rufe ba."

Da mai hankali ne, da ya ce a gaya wa Malam yana aiki, ya yi shiru. Ni kuwa sai na ga ga damar burge suruki ta faɗo. Na zauna na gyara manhajar ta yadda duk kwamfutar da aka ba aiki za ta riƙa rubuta abin da take aunawa a allo, da Hausa tsantsa, da manyan baƙaƙe irin waɗanda idon Malam ke so. Har na sa kowane layi ya daɗe a allon kafin na gaba ya fito, don kada a hanzarta dattijo. Da hannuna na yi wannan, ba wanda ya sa ni.

Akwai kuma wani abu da ban gaya muku ba. Tun farkon aikin Dakta ta ba ni shawara. Ta ce, "Kafin ka ɗora mata masarar Arewa duka, gwada ta da ɗan ƙaramin abu wanda ka san kansa." Sauran ɗalibai da hadari da ruwan sama suke gwadawa. Ni da Allah ya haɗa da neman magana, sai na ce ai ba abin da na fi nazari a duniya irin Malam. Na zauna na gina ɗan ƙaramin gwaji a kansa, ina yi ina ƙyalƙyala dariya ni kaɗai. Yiwuwar Malam ya yi doguwar nasiha in an ce masa sannu. Yiwuwar ya maimaita labarin karatunsa a Sudan. Yiwuwar ya yi gyangyaɗi ana tsakar hira. A can ƙasa kuma, inda wasan ya daina zama wasa, na sa abin da ke ci min rai: yiwuwar ya fifita mai mota a kan mai karatu, sannan na ƙarshe, yiwuwar ya ba ni Asma'u. Duk zaton farko ni na zuba mata, son raina. A laftof ɗina kaɗai gwajin yake, kuma kullum kafin in fara aikin masara sai na fara kunna shi, kamar yadda direba ke ɗumama inji da safe. Har ya zame min jiki, hannuna ke yi ba tare da ya shawarci kaina ba.

Ranar Larabar ita ce ranar babban gwaji, ranar da za a haɗa dukkan kwamfutocin a karon farko. Na gaya wa Asma'u ta ce wa Malam bayan la'asar ya duba allonsa, zai ga ɗalibin ya buɗe baki. Abin da ban sani ba, Malam ya ji daɗin abin har ya sanar da majalisa cewa yau za a ga binciken yaron nan. Wanda ma ya kwana biyu bai leƙo ba, ranar ya zo.

Ina shagon abokina a Kongo, na idar da salla, na zauna na yi bisimilla. Na ga kowace kwamfuta ta amsa, Dutsen Abba ta amsa, Tudun Jukun ta yi gurnaninta ta amsa, Tudun Wada ta amsa. Hannuna ya danna abin da ya saba dannawa. Ita kuwa manhajar, kamar yadda na koya mata, sai ta ɗauki mafi nauyin aikin ta miƙa wa kwamfutar da ta fi ƙarfi. Ba a jima ba intanet ta yanke a shagon ɗif. Wallahi murna na yi. Na miƙe tsaye ina ce wa abokina, "Ka gani ko? Ai wannan nake jira! Yanzu kowace za ta ci gaba da kanta, ba mai iya tsayar da ita." Har na aika a sayo mana awara.

Ina cikin ci waya ta yi ƙara. Asma'u ce, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai laɓe a bayan ƙofa (ashe laɓen take yi).

"Kana ina?"

"Ina Kongo, ranki ya daɗe. Aiki na tafiya sumul."

"Me ka rubuta a kan Baba?"

"Baba kuma? Masara ce ai."

"Wace masarar ce take doguwar nasiha? Ga Alhaji Garba can yana karanta wa mutane da ƙarfi, har ana jiyo dariyarsu a cikin gida."

Awarar da ke bakina ta ƙi gaba ta ƙi baya. Na duba laftof, na ga sunan abin da na kunna, ashe gwajin Malam ne, ba na masara ba. Na danna tsayawa, na sake dannawa, na danna har abokina ya riƙe min hannu. Ina! Ba intanet, kuma ni da kaina na shafe watanni ina koya mata kada ta saurari kowa in an shiga irin wannan hali. Na ce wa Asma'u ta shiga ta zare wayar wutar. Ta ce, "In shiga zaure cike da maza in zare wa Baba wuta? Kai dai ka zo."

Ban san yadda na hau acaɓa ba. Na dai tuna ina ce wa mai mashin ya ƙara wuta, shi kuma yana ce min yana da iyali. A hanya ina ta lissafi, don na san jerin layukan kamar yadda na san sunana. Na nasiha ya wuce. In Allah ya taimake ni, zan tarar suna kan na Sudan ko na gyangyaɗi. Waɗannan a yi dariya a wuce. Amma na motar nan, in ya fito, kashina ya bushe.

Takalman da na gani a ƙofar zauren kaɗai sun isa su nuna min majalisa ta cika maƙil. Na tuɓe nawa na yi sallama. Ga allon can a kusurwa yana haske, ga soket ɗin a bango bayan Malam, taku kaɗan ne tsakanina da shi. Amma tsakanin akwai ƙafafun dattawa a miƙe a kan darduma, kuma duk ɗan da aka haifa a ƙasar Zazzau ya san ba a tsallake ƙafar babba, ba a kuma ratsa majalisa a tsaye, balle a wuce suruki a kai hannu bayansa. Gaisuwa ce farko, ko da gobara ake yi. Na zube a bakin ƙofa.

"Barka da yamma, Malam."

"Barka kadai, malam ɗalibi. Yanzu muke zancenka. Ya karatu?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya mutanen gida? Ya Inna?"

"Lafiya ƙalau, tana gaisuwa."

"Madalla. Ya Kawunka da ƙafar tasa? An samu sauƙi?"

"Da sauƙi, Malam."

"To Allah ya ƙara sauƙi. Ga su Alhaji nan, ba ka gaishe su ba."

Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya a durƙushe, ina ja da gwiwa. Kuma na rantse da gangan suka yi, don ban taɓa ganin ranar da dattawan nan suka damu da lafiyar dangina irin ranar ba. Wani ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, ya tambayi hanya. Wani ya ce ashe ni jikan wane ne, ya shiga ba ni tarihin kakana. Ni kuwa baki na amsa "lafiya lau", ido na satar kallon allo.

Alhaji Garba na bari a ƙarshe, don shi ne a gaban kwamfutar, ya gyara tabarau kamar mai karanta labarai. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma taubashin Malam ne, wato duk duniya shi kaɗai ke da lasisin tsokanarsa. Ranar kuwa an ba kura ajiyar nama. Ko amsa gaisuwata bai gama ba ya ɗaga hannu.

"Tsaya, yaro, ga wani ya fito. Yiwuwar Malam ya maimaita labarin karatunsa a Sudan, casa'in da tara cikin ɗari." Zauren ya kaure da dariya. Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. "To ni tambayata, ina ɗayan ya tafi?"

Nan ma da mai hankali ne, da ya sunkuyar da kai. Amma ɗalibi in an yi masa tambaya a fanninsa, bakinsa ba ya shawara da shi. Na ji kaina ina cewa, "Ranka ya daɗe, an bar shi ne saboda ranar da mura ta kama shi."

Wani dattijo har da faɗuwa gefe yana riƙe ciki. Malam kansa ya yi murmushi yana shafa gemu, ya ce, "Ai labarin akwai darasi a ciki, shi ya sa." Da na gyangyaɗi ya fito kuwa, sai ya ɗaga murya ya ce shi bai taɓa gyangyaɗi a majalisa ba, tunani yake yi ido a rufe. Alhaji Garba ya ce, "Ƙwarai kuwa, tunani mai minshari." Aka sake fashewa. Na ga an shagala, na fara jan gwiwa a hankali ta gefen bango, ina faɗin "Bari in ɗan gyara wani abu." Malam ya ɗora hannu a kan darduma, daidai hanyar da zan bi.

"Zauna, malam ɗalibi. Ba a katse mai karatu."

Na zauna. Layin ya ɓace, wani ya fito, da manyan baƙaƙen nan da na zaɓa da kaina. Alhaji Garba ya fara da muryarsa ta wasa, "Yiwuwar Malam ya fifita mai mota a kan..." Sai ya tsaya. Ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga. Dariyar ta mutu a zauren kamar an zuba wa garwashi ruwa. Malam ya matso da kansa ya karanta, a hankali, har zuwa adadin da ke ƙarshe, saba'in cikin ɗari.

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma ba kunyar dariya ba ce. Na ga fuskar mutumin ta canza, na san na taɓa shi a inda yake da ciwo.

"Ranar da ka kawo abin nan," in ji shi, ba tare da ya ɗaga murya ba, "ka ce min ba ta ƙirƙirar komai. Abin da aka ba ta take aunawa. Haka ne?"

"Haka ne, Malam."

"To wa ya ba ta wannan?"

"Ni ne."

"Da wace alama?"

Na shiga sosa ƙeya. Ya ce yana jira. Na ce, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji, "Motar da nake gani a ƙofar gida."

Dattawan suka dubi juna. Alhaji Garba ya ce, "Wai Nuhu yake nufi? Kai yaro, Nuhu ai nono ɗaya suka sha da Asma'u. Uwarsa ta yi jinya yana jariri, a gidan nan aka shayar da shi. Duk unguwar nan wa bai sani ba?"

Ni ne ban sani ba. Watanni ina kwana ina tashi da kishin mutumin da ko duniya za ta taru ba zai aure ta ba. Na haɗa kwamfutoci daga Kongo har Dutsen Abba suna taya ni lissafin abokin takarar da babu shi.

Malam bai yi dariya ba. Ya ce, "Ni ba rashin saninka ne ya dame ni ba, rashin sani ba laifi ba ne. Amma kana zuwa gidan nan kana durƙusa min, ina kallonka a matsayin ɗa, ashe abin da ke ranka ke nan, cewa da mota nake auna mutum. Zato zunubi ne, malam ɗalibi, ko da ya zama gaskiya, balle bai zama ba." Layin ya fara dusashewa, na ƙarshen na shirin fitowa. Na san shi ma ya hango farkonsa, don na ga sunan Asma'u ya bayyana. Sai ya juya ya kai hannu bayansa ya kashe soket ɗin da kansa. "Wannan amsar ba a wurin na'ura take ba. Ka gaida gida."

Na fita da baya da baya, na zura takalmi, na kama hanya ban san inda nake jefa ƙafa ba. Sai da na kusa bakin titi na lura ƙafata ta dama tana iyo a cikin takalmin. Na Alhaji Garba ne. Haka na juyo, na sake yin sallama a zauren da aka sallame ni yanzun nan, na ajiye masa abinsa. Ya ce, "Madalla. Wannan ma da ka tambaya da an gaya maka ba naka ba ne."

Asma'u ta daina ɗaukar wayata. Da ƙyar ta turo min saƙo guda: "Da ka tambaye ni." Dakta kuwa, da na kai mata rahoton gwajin, har tafi ta yi. Ta ce kwamfutar Tudun Wada ta nuna juriya ta ban mamaki, ta ci gaba da aiki ita kaɗai ba tangarɗa, wannan shi ne zuciyar kundina. Ta tambayi wane irin bayani na gwada da shi. Na ce na wani dattijo ne, kuma ba za a iya wallafa shi ba.

Ba yadda na iya, dole na kai kaina wurin Kawu a Tudun Jukun, don irin wannan ɓarnar ba yaro ke gyara ta ba. Na kwashe komai na gaya masa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya wanke ni tas, ya ce ilimin da bai hana mutum raina manya ba wahala ce kawai. Can ya tsaya ya ƙura min ido. "Ni fa? Ka auna ni?" Na ce a'a (akwai shi a wani gwajin daban, kan yiwuwar ya iso ɗaurin aure bayan an shafa fatiha, amma wannan ba ranar faɗa ba ce).

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka tafi da goro. Kawu ya shiga, ni na rakuɓe a bakin ƙofa inda takalma suke. Ya ba da haƙuri irin na manya, ya ce yaro ne, kuma ɗan yau ne. Malam ya saurara har ya gama, sannan ya ce ya haƙura. "Yaron yana da ilimi," in ji shi. "Hankali ne bai gama isowa ba, shi kuma a zama da mutane ake samunsa. Tunda ya ce abin nasa da alamu yake aiki, to ya zo ya tattara alamun da idonsa. Kullum bayan la'asar ya zo ya zauna a nan, har ya gama kundinsa. Maganar yarinya kuma a bar ta tukuna."

Haka na zama mai dafa shayin majalisa. Watannin farko azaba ce, don duk wanda ya shigo sai Alhaji Garba ya nuna ni ya ce, "Ka yi hankali da wannan, yana auna mutane." Nuhu ma ya zo, ya rungume ni yana dariya, ya ce ya ji an ce motarsa ta shiga binciken jami'a. Amma ina zaune a gefe ina zuba shayi, na ga abin da ban taɓa gani ba a 'yar gaisuwar da nake zuwa yi a tsaitsaye. Na ga masu rigimar gado sun shigo ba sa ga maciji, sun fita suna musabaha. Na ga wani babban ɗan kasuwa ya zauna jira, saboda Malam yana sauraron wani mai gyaran takalmi da ya riga shi zuwa. Ba wanda ya ce min in duba, kuma Malam bai taɓa sake tayar da maganar ba, ko da wasa. Wannan shirun nasa ya fi kowane faɗa yi min ciwo, kuma a nan na fara ƙaunar mutumin tsakani da Allah, ba don 'yarsa kaɗai ba.

Na kare kundina lafiya. Washegari na je majalisa kamar kullum, ban ce komai ba, na hura gawayi na ɗora buta. Da aka kira magariba kowa ya miƙe, ina tattara kofuna, Malam ya tsaya yana neman takalminsa. Ko kallona bai yi ba ya ce, "Af, in ka ga Kawunka, ka ce ina nemansa. Ya taho da mutanensa." Kofin da ke hannuna ya suɓuce ya tarwatse a ƙasa, Alhaji Garba ya ce a rubuta shi cikin kayan lefe.

Darasin da na koya bai shiga kundin ba, don ba babin da zai ɗauke shi. Kafin ka tara injina su yi maka lissafin abin da ke zuciyar mutum, fara buɗe baki ka yi tambaya, musamman in 'yarsa tana da waya kuma tana ɗauka. Asma'u dai ta yafe, amma irin yafiyar mata masu wayo. Har yau in na dawo daga aiki na leƙa kicin na ce me aka dafa, ba ta ko juyowa.

"Auna mana," take cewa.